A AUNA ƘASHIN TALAKA TUN BAI KARYE BA

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, musamman ku 'yan kasuwa maza da mata, maganar awo za mu yi a wannan mako, kuma mun san ba baƙuwar magana ba ce a wurinku. Mai hatsi yana da mudu da tiya, mahauci yana da sikeli, mai manja yana da kwalba, ɗan tireda ma yakan ƙirga kayansa da dare kafin ya rufe. Kowane ɗayanku ya san dukiyar da ba a aunawa ba a gane tana raguwa sai ranar da aka ga gindin buhu. To, akwai wani awo da likitocin duniya suke yi yau kusan shekara 40, wanda yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, balle a yi mana. Shi ne awon ƙarfin ƙashi. Abin da muke cewa kuwa, wannan awo hakkin talaka ne kamar yadda yake hakkin mai kuɗi, kuma rashinsa a asibitocin Gwamnati yana kwantar da iyayenmu kwanciyar da ba a tashi.

Babu unguwar da ba a san labarin nan ba. Tsohuwa ta fito da asuba za ta yi alwala, santsi ya kwashe ta a bakin rariya, ta zauna da ƙugu. Faɗuwa ce irin wadda yaro zai yi ya tashi ya kakkaɓe riga. Ita kuwa shi ke nan, ƙafa ta juya waje, ta gajarce, ba ta sake takawa ba. A kira maɗori, a ɗaure, a shafa, a jira. Wata biyu wata uku tana kwance bisa tabarma, baya ya yi gyambo, ƙirji ya cika, abinci ya ƙi shiga, ran nan sai a ji sanarwar jana'iza. Masu zaman makoki su ce tsufa ne, kwana ya ƙare. Mu ba masu ja da ikon Allah ba ne, mun san kowane mai rai mamaci ne. Amma fa wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, kuma ba laifi ba ne mu tambaya: yaya aka yi ƙashin cinya, wanda ya fi kowane ƙashi ƙarfi a jikin ɗan Adam, ya karye don kawai an zame a tsakar gida?

Amsar ita ce ƙashin ya daɗe da lalacewa kafin ranar faɗuwa. Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen ice, alhali kuwa abu ne mai rai. Babban mutum yana da ƙashi 206, kuma kullum jiki yana cikin rushe tsoho yana gina sabo, kamar yadda mai gidan ƙasa yake yaɓe bayan kowace damina. Tun daga ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa, ƙashi yana ta ƙara nauyi. Daga nan sai a tsaya, sa'an nan a fara gangara a hankali. Ga mace kuwa, da zarar jinin al'ada ya ɗauke, gangarar takan zama gudu, domin sinadarin da ke tsaron ƙashinta ya ragu a jiki. Cikin shekara biyar zuwa bakwai wata takan rasa har kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta. Namiji ma bai tsira ba, sai dai tasa takan zo a makare. In abin ya yi nisa, cikin ƙashi ya zama ramuka-ramuka, waje kuwa lafiya lau. Duk mai rumfa a kasuwa ya san irin wannan: dirkar da gara ta cinye ta ciki, ka dube ta ka rantse za ta ƙara shekara goma, sai ranar da iska ta taso rumfa ta kife bisa kaya. Wannan ciwo shi muke kira zaizayar ƙashi. Ba ya zazzaɓi, ba ya kumburi, ba ya hana barci. Sallamarsa ta farko ita ce karaya.

Wurare uku ya fi kamawa, watau wuyan hannu, da ƙashin baya, da ƙugu. Na bayan nan shi ne munafuki, domin gaɓoɓin sukan lotsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an faɗi ba, mutum ya yi ta fama da ciwon baya, tsawonsa ya ragu, ya rankwafa, mu kuma mu ce tsohuwa ta yi doro. Masu bin wannan ciwo a duniya sun lissafa cewa cikin matan da suka wuce shekara 50, ɗaya cikin uku za ta yi irin wannan karaya kafin ta bar duniya, a maza kuwa ɗaya cikin biyar. Kuma ko a ƙasashen da ake ɗaukar tsoho a yi masa aiki a ƙugu washegarin faɗuwa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara bayan karayar. In haka abin yake inda akwai likita da gado da jini, to ku auna da kanku yadda yake a ƙauyen da sai an ɗora marar lafiya bisa amalanke kafin a kai bakin titi.

Yanzu ga yadda awon yake, don kada wani ya tsorata ku da shi. Na'urar sunanta Deksa, a Amurka ta fito a shekarar 1987. Ba allura, ba yanka, ba ɗiban jini, ba a shigar da mutum cikin rami. Za ka kwanta rigingine bisa wani gado shimfiɗaɗɗe da tufafinka, sai dai a ce ka cire abin da ke da ƙarfe, kamar bel da makullai da zif. A ɗora ƙafafunka bisa wani matashi don baya ya miƙe, wani hannu na na'urar ya bi ta samanka a hankali, ya haska ƙasan baya, sa'an nan a juya ƙafa ciki kaɗan a haska ƙugu. Minti 10 zuwa 20 an gama, ka tashi ka koma rumfarka. Hasken da take amfani da shi irin na hoton ƙashi ne, amma kaɗan ne ƙwarai, bai kai na hoton ƙirji ɗaya ba. Mai ciki dai ba a yi mata, wanda kuma yake shan ƙwayar kalsiyam akan ce ya dakata kwana ɗaya kafin awo.

Wani zai ce, ai akwai hoton ƙashi a babban asibitinmu, me ya kawo wata na'ura? Hoton ƙashi na kullum, wanda aka gano tun 1895, aikinsa nuna karaya bayan ta auku. Ba ya nuna zaizaya sai wajen sulusin ƙashi ya tafi. Kamar mai gadi ne da ba ya farkawa sai ɓarawo ya tsallake katanga da kaya.

Sakamakon awon lamba ce, kuma ya kamata kowa ya iya karanta ta. A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni: a gwada ƙashin mutum da na matashi lafiyayye wanda ƙashinsa ya cika. Ku ɗauki sifiri a matsayin cikakken mudu. In lambar ba ta sauka ƙasa da -1 ba, lafiya lau. Tsakanin -1 da -2.5 mudu ya fara ramewa, a kula. Daga -2.5 zuwa ƙasa kuwa ciwo ya tabbata, sai magani. Kuma maganin akwai shi, ba don haka ba da awon ya zama aikin banza. Akwai ƙwaya mai suna alendironet, wadda aka fara ba mutane a 1995, ana sha sau ɗaya a mako da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan rabin sa'a don kada ta ƙona maƙogwaro. Tana rage karayar ƙashin baya da wajen rabi. Akwai kuma ruwan da ake ƙarawa a jijiya sau ɗaya a shekara. Waɗannan likita ne ke ba da su bayan ya duba ƙoda da sauran jiki, kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis.

To, jama'a, ina na'urar nan take a ƙasarmu? Ku da kuke zaune a Gumel, da Argungu, da Azare, da Funtuwa, ku je babban asibitinku ku tambaya, ku dawo ku gaya mana amsar da aka ba ku. Inda ake samunta a manyan birane ne, galibi a wuraren gwaji na 'yan kasuwa inda sai ka ajiye kuɗi kafin a dube ka, da ɗaiɗaikun manyan asibitoci. Matar da ke sayar da daddawa, wadda ribarta ta yini ba ta wuce cefanen dare ba, da me za ta biya mota zuwa birni, ta biya masauki, ta biya awo, ta dawo? A Amurka shawarar da ake ba likitoci ita ce duk macen da ta kai shekara 65 a yi mata wannan awo ko ba ta yi kukan komai ba. Mu nan sai ta karye tukuna, kuma ko ta karye ɗin ba mai tambayar dalili.

Kada a ce mana babu kuɗi. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka sa hannu cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta domin lafiya. Yau sama da shekara 20 Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, galibin shekaru tsakanin kashi 4 da 6 take yawo. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci. A 2022 aka yi wata doka da ta ce inshorar lafiya tilas ce ga kowa, har da asusu na musamman domin marasa ƙarfi, tsofaffi suna ciki. Takardu dai ga su nan tuli. Amma har yanzu cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya, sama da naira 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa take fitowa. Watau dai ɗan kasuwa ya biya kuɗin rumfa, ya biya kuɗin shara, ya biya kuɗin tikiti kullum safiya, ya biya haraji bisa duk abin da ya saro, ranar da uwarsa ta faɗi kuma ya karya jari.

Su kuwa mahukunta sun san hanyar filin jirgi. A ƙarshen 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Jidda ya yi jinya. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere a Landan wajen likitoci. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma mu ba mu yi wa marar lafiya dariya, domin ciwo ba ya sallama a ƙofar kowa. Mun kawo su ne don a ga cewa masu mulki da kansu sun yanke wa asibitocin da suka gina mana hukunci da ƙafafunsu. Minista da gwamna da ɗan majalisa in sun je can akan auna su tun daga kai har ƙafa, har ƙarfin ƙashin ma. Wanda aka auna ƙashinsa a Landan da kuɗin baitulmali ba shi da bakin da zai ce wa mai tallan ƙosai wannan awo almubazzaranci ne.

Akwai wata tsohuwar magana da ake fakewa da ita, wai baƙin mutum ƙashinsa ƙarfe ne, wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ne an ga karayar ƙugu ta fi yawa a ƙasashen arewacin Turai. Amma wani ɓangare na ƙarancin da ake gani a nan daga rashin ƙidaya ya fito, domin wadda ta karye a ƙauye ta mutu a ɗaki ba ta shiga littafin kowa ba. Afirka ta Kudu da Botswana sun zauna sun ƙirga masu karayar ƙugu a asibitocinsu, kuma sun ga ciwon yana nan cikin baƙaƙen fata. Har ma'aunin da muka ambata ɗazu, da ƙasusuwan 'yan matan Turawan Amurka masu shekara 20 zuwa 29 aka yanka shi. Mudun wata kasuwa ne muke aro. Ba mu ce a yar da shi ba, da babu gara ba daɗi, amma muna da jami'o'i da asibitocin koyarwa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma muna tambayar Ma'aikatar Lafiya: ina tamu ƙidayar? Tsofaffi nawa suka karye a ƙugu bara a jihohin Arewa, nawa suka sake takawa, nawa aka binne?

In kuwa ana son shaida cewa ƙashin talakan ƙasar nan yana jin yunwa, ba sai an je nesa ba. A garin Jos likitoci sun bi yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, masu gwame da masu ƙafar baka, suka buga abin da suka gano a 1999. A Turai irin wannan ciwo rashin hasken rana ke kawo shi. A Jos rana ba ta yi ƙaranci ba. Abin da yaran suka rasa shi ne kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi, domin abin da suke samu a abinci bai wuce miligiram 200 a yini ba, bai kai ko na kofin madara ɗaya ba. Da aka ba su kalsiyam ƙasusuwan suka warke. Daga baya ma aka gwada da garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Ku lura da wannan da kyau: yarinyar da ta tashi da ƙashi marar ƙoshi, da ƙaramin jari ta fara, kuma ita ce za ta zama tsohuwar da za ta zame a bakin rariya bayan shekara 50. Tsadar nono da kifi a kasuwa yau, karayar gobe ce ake sarowa.

Saboda haka kafin na'ura ta iso, ga abin da ke hannunmu. Gero da dawa da masara da shinkafa suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Inda yake shi ne nono da kindirmo da cuku, da ƙananan kifi waɗanda ake ci har ƙaya, da ganyen kuka, da zogale, da riɗi, da tamba wadda ake nomawa a kudancin Kaduna da Filato, ita kam ta fi sauran hatsi nesa. Miyar kukar da 'yan boko suke rainawa ta fi lemon kwalba amfani ga ƙashi sau ba adadi. Kanwa ba ta cikin lissafin nan, kada wani ya ce fari ce ya ƙara ta a tukunya. Babban mutum yana bukatar wajen miligiram 1,000 a yini. Jiki kuma ba ya iya ɗaukar kalsiyam sai da bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta, don haka tsohuwar da aka ajiye a ƙuryar ɗaki a fito da ita tsakar gida da hantsi. Tafiya da aikin ƙarfi daidai gwargwado suna ƙara wa ƙashi ƙwari, zama wuri ɗaya da taba da giya suna cin sa. A gyara bakin rariya, a sa fitila a hanyar bayi, a duba idon tsoho in ya fara lalube.

Akwai kuma magana tsakaninmu, ba za mu ɓoye ta don muna sukar Gwamnati ba. A cikin kasuwanninmu ake sayar da ƙwayoyin da ke cinye ƙashi. Deksametason da firedinisolon magunguna ne na gaske, likitoci suna ceton rai da su, amma duk wanda ya sha su wata uku ko fiye ƙashinsa yana zaizaya da sauri, ko da matashi ne. Su ne ake ba 'yan mata don su yi ƙiba kafin biki, irin abin da ake kira sha-ka-fashe. Su ne kuma akan cusa cikin haɗin maganin sanyi da ciwon gaɓɓai da ake ƙullawa a leda, tsoho ya sha ya ji garau, ya dawo gobe ya ƙara. Fuska ta cika, a ce hutu ya zo, alhali dirka ce gara ke ci. Ɗan'uwa mai tallan magani, mun san neman halali ya fito da kai, amma wadda kake miƙa wa ƙullin nan uwar wani ce. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya tsaya rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ya je likita ya rage masa a hankali. Irin waɗannan mutane suna sahun gaba cikin masu bukatar awo.

Haka nan ku yi hattara da masu zuwa kasuwa da kwamfuta a jaka, su ba ka wani ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, su fito da takarda mai launi su ce ƙashinka ya ruɓe, hantarka ta kumbura, sa'an nan su buɗe akwati su sayar maka da kwalabe. Wannan ba Deksa ba ce, ba ta auna komai sai aljihunka. Akwai wata ƙaramar na'ura ta gaskiya da ke auna diddige, tana iya nuna wanda ya kamata a tura gaba, amma ita ma ba da ita ake yanke hukunci ba. Inda Gwamnati ta bar fili, nan macuta ke kafa rumfa.

Maɗora kuwa ba abokan gabarmu ba ne. A da, shekara da shekaru, asibitocin ƙashi na Gwamnatin Tarayya uku ne kacal, na Igbobi a Ikko, da na Inugu, da na Dala a Kano wanda aka buɗe tun 1959, a lokacin shi kaɗai yake ɗauke da Arewa duka har da maƙwabta. Wa ya riƙe jama'a in ba maɗori ba? Amma maɗorin kirki ya san iyakarsa. Karayar wuyan ƙashin cinya tana can cikin nama inda kara ba ya kamawa, kuma sau da yawa jinin da ke ciyar da kan ƙashin ya yanke, ba ta haɗewa sai da aiki. Duk makon da aka ɓata ana jira, tsohuwa ce ke ƙara nisa da tashi. Muna roƙon maɗora, in aka kawo muku tsoho da ƙugu, ku ce a wuce asibiti. In kuma kun ɗora wuyan hannun wanda ya haura 50 don ƴar faɗuwa kaɗan, ku gaya wa 'ya'yansa su kai shi a duba ƙarfin ƙashinsa, domin wanda ya yi irin wannan karaya sau ɗaya haɗarin ta biyu ya ninka.

Ga abin da jam'iyyarmu take nema, kuma za mu faɗa da babbar murya a Majalisa da wajenta. A sa na'urar Deksa a kowane asibitin koyarwa da babban asibitin kowace jiha, a yi awon kyauta ga wanda ya kai shekara 65, da duk wanda ya wuce 50 ya karye a ƙaramar faɗuwa, da wanda ya daɗe bisa magungunan nan da muka ambata. Amma muna gargaɗi tun yanzu, mun san halin mutanenmu. Da sun ji maganar na'ura sai kunnuwansu su miƙe, domin sun ji ƙanshin kwangila. A sayo ta ninki uku na kuɗinta, a yanka ƙyalle, a buga hoto, a kulle ɗaki, ba wuta, ba ma'aikacin da aka koya wa, bayan shekara biyu ƙura ta rufe ta. Wannan ba mu so. Duk inda za a sa ta, a bayyana wa jama'a nawa aka saya, wa zai gyara in ta lalace, kuma a liƙa a ƙofa mutum nawa aka auna kowane wata.

Sa'an nan akwai abin da ba ya bukatar kwangila ko kaɗan, shi ya sa ba a son jin sa. Tsinken awon tsawo a bangon kowane ɗakin shan magani nawa zai ci? Wanda tsawonsa ya ragu da santimita 4, wajen faɗin yatsu biyu zuwa uku, lalle a bincika bayansa. Tun 2008 masana a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka fito da wani lissafi mai suna FRAX, wanda da 'yan tambayoyi kaɗan, shekaru, nauyi, tsawo, ko ka taɓa karyewa, ko uwa ko uba ya karye a ƙugu, ko kana shan taba, yake nuna haɗarin mutum na shekara 10 masu zuwa ko babu na'ura. Malamin asibiti na ƙauye zai iya yin irin waɗannan tambayoyi in an koya masa, ya tace waɗanda za a tura birni. A Glasgow kuma tun 1999 suka sa ma'aikaciyar jinya wadda aikinta kawai ta bi duk wanda ya zo da irin wannan karaya, ta ga an auna shi an ba shi magani kafin ta biyu ta zo, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Albashin ma'aikaciya ɗaya a kowane babban asibiti bai kai kuɗin tayoyin jerin motocin gwamna ba. Maganin mako-mako kuma a tabbatar yana nan a kantin asibitin Gwamnati, a sa shi cikin abin da inshorar marasa ƙarfi ke biya.

Tun da mahukunta ba su kawo mana ƙidaya ba, mu za mu fara tamu. Muna umartar sakatarorin rassa na kasuwanni da unguwanni, da shugabannin mata na kowane reshe, su ɗauki littafi su bi rumfa rumfa. A rubuta mutum nawa da suka wuce shekara 50 suka karye cikin shekara biyu da suka wuce, mace ko namiji, a wace gaɓa, ina aka kai su, nawa aka kashe, sun tashi ko ba su tashi ba. Ba a bukatar sunan kowa, adadi muke so. A aiko wa ofishin jaridar nan kafin 20 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe domin wannan ciwo, za mu buga abin da ya zo gari gari. Duk ɗan takarar da ya shigo kasuwarku da atamfa da sabulu kuma, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi kujera, ku buɗe masa littafin, ku tambaye shi a wane asibiti cikin mazaɓarsa ake awon ƙarfin ƙashi, kuma nawa ne.